Dakta Maharazu Yero da Gajimaren da Ba Ya Ba da Ruwa

Na Allah ne mu, kuma komai daɗewarmu a bayan ƙasa wurinSa za mu koma.

Ranar Alhamis, ashirin ga watan Ramadan na shekarar 1446, wadda ta yi daidai da 20 ga Maris, 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Dakta Maharazu Yero na unguwar Soron Ɗinki, bayan jinyar kwana huɗu ta ciwon zuciya. Shekararsa hamsin da ɗaya. Ni na sallace shi, kuma ban bar bakin kabari ba sai da aka gama rufe ƙasa. Yau kwana ashirin da uku ke nan. Na jinkirta wannan rubutu ne domin duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in tarar baƙin cikin da ke raina ya gauraya da tsoro, ni kuwa ban saba yin ta'aziyya ina tsoro ba.

Maharazu, jaridu sun ce kai malamin jami'a ne, masanin gajimaren da ke can ƙololuwar sama, wanda ake nazarinsa ta hanyar tauraron ɗan'adam. Gaskiya suka faɗa. Amma a lungunanmu na Sheshe da Soron Ɗinki ba da wannan aka san ka ba. An san ka da mutumin da ke faɗa mana, kafin magariba, ko mu fito da tsofaffinmu tsakar gida ko mu shigar da su ɗaki. Wanda bai zauna cikin birni ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Saboda shi zan faɗi yadda aka fara.

A hannuna ka yi karatun allo. Mahaifinka, Malam Yero, shi ne na farko a zuriyarku da ya bar bin shanu ya zauna a birni, kuma shi ya kawo ka zaurena kana ɗan shekara biyar. Ka sauke, ka yi littattafan farko na fiƙihu, sannan boko ya tafi da kai har ƙasashen waje. Da ka dawo ba ka nemi gida a sababbin unguwanni ba, ka gyara na mahaifinka ka zauna. Nakan tsokane ka in ce, kakanninka sun bi gajimare da sanda, kai kuma kana bin sa da kwamfuta, Bafulatani dai ba zai bar kiwo ba. Sai ka yi dariya ka ce, “Baba Malam, garken nawa ba ya cin amfanin gonar kowa.” Iyakar abin da na sani ke nan game da aikinka, har shekara shida da suka wuce, lokacin da Ladan Ado ya rasu.

Ladan Ado shi ne mai kiran salla a masallacinmu tun kafin a ba ni limanci. Ya haura tamanin, gwiwoyinsa sun ƙi, sai an riƙe shi yake zuwa gaban lasifika. A da ɗakinsa na azara ne. Da rufin ya fara zuba, 'ya'yansa, don kyautata masa, suka rushe suka yi masa na bulo da kwano, da taga guda.

Al'adarmu ta birni kowa ya san ta. In bazara ta yi nisa, ba mai iya kwana a ɗaki, a tsakar gida ake shimfiɗa. Amma da an ga sama ta canza kafin magariba, sai a fara shigar da tsofaffi da marasa lafiya. Mai ƙafa zai naɗe tabarmarsa ya ruga in iska ta taso, wanda sai an ɗauke shi kuwa ba zai iya ba, kuma ruwan farko ba ya zuwa da ladabi. Iska ce ke gaba, ta yaye kwano, ta karya reshe, sannan ruwa mai sanyi ya biyo ya sami tsoho a kwance. Mun ga waɗanda ciwon haƙarƙari ya kashe ta haka. Saboda haka shigar da tsoho ɗaki da wuri jinƙai ne, iyayenmu suka koya mana.

Ran nan, a ƙarshen Afrilu, babban ɗansa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, “Malam, a bar Baba a waje ko a shigar da shi?” Na ɗaga kai. Wani farin lullumi ya shimfiɗu daga gabas zuwa yamma, rana tana bayansa da zobe kewaye da ita. Na ce, “Ku shigar da shi, ku ja masa taga. Wannan ba a yarda da shi ba.” Ko ɗigo bai sauka ba. Ganye bai motsa ba. Da asuba aka je tashinsa don kiran salla, aka tarar rai ya yi halinsa, rigarsa sharkaf da gumi.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Na yi shekara arba'in ina faɗa wa mutane haka. Amma na kuma san Allah Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma za a tambayi bawa game da abin da ya faɗa ba da sani ba.

Ran sadakar uku ka zo. Ka jira har zaure ya watse, ka matso ka zauna ƙasa da buzuna kamar yadda kake yi kana yaro, ka ce, “Baba Malam, ina so in nuna maka wani abu, amma don Allah kada ka ɗauka zargi na kawo.” Ka buɗe kwamfutarka. Na ga ƙasarmu daga sama, ka ɗora yatsa a kan Kano, ka ce wannan hoton yammacin ranar da aka shigar da Ladan ne. Ka ce abin da na gani ba hadari ba ne. Hadari mai kauri ne, gindinsa kusa da mu yake. Wannan kuwa yana sama da kilomita goma, a inda jiragen sama ke bi ko sama da nan, wurin da sanyi ya kai babu ruwa sai ƙanƙara, ita ma ƙanana kamar gari. Ka ce sau da yawa saura ne na manyan hadarurruka da suka yi ruwansu can kudu, kan dazuzzuka da teku, iska ta kwashe kawunansu ta shimfiɗo mana. Ruwan wasu ne, mu inuwarsa kawai muke gani.

Na ce to ai ko inuwar rahama ce. Ka girgiza kai. Ka ce shi wannan siririn ba ya tare rana, haskenta ratsa shi yake yi ya gasa kwano da bango yini guda. Amma in rana ta faɗi, zafin da ƙasa ta sha ya tashi zai koma sama, sai ya riƙe wani kaso ya maido. Ka ce, “Kamar mayafi ne, Baba Malam. Shi kaɗai ba ya kisa. Amma in ya haɗu da damshi a iska, da rashin kaɗawarta, da ɗakin kwano a rufe, da tsoho, to dare ba zai huce ba.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, “Maharazu, sanin saukar ruwa na Allah ne. Kada boko ya kai ka inda malamanka ba su aike ka ba.” Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, “Haka yake, Baba Malam, kuma ni ban san gobe ba. Amma ai kai ma sama ka duba ran nan ka yanke hukunci. Bambancinmu, kai daga ƙasa ka duba, ni daga bisa.” Na nemi inda zan kama ka a shari'a ban samu ba, domin duba alamomin da Allah Ya shimfiɗa ba da'awar gaibu ba ce, da shi muke sanin lokutan salla, da shi muke neman jinjirin wata.

Daga wannan shekara muka ɗauki wata hanya. Daga tsakiyar Afrilu har damina ta zauna, kullum kafin la'asar sai ka duba hotunan da taurarin suka aiko, ka duba sanyin saman gajimaren da kaurinsa da inda iska ta nufa da shi, ka bugo mini waya. Ni kuma bayan sallama in juya ga jama'a, da lasifika a kunne don matan gida su ji, in ce, “Yau a fito da tsofaffi, a ba su ruwa, a jiƙa musu zane,” ko in ce, “Yau a shigar da su da wuri, amma a bar taga.” Masallatai uku na kusa suka ɗauka daga wurinmu. Shekara biyar ba ka taɓa fashi ba. Wata shekara kana taro a ƙasar da rana ba ta faɗuwa daidai da tamu, amma wayarka ta shigo a kan kari. Ba wanda ya sa ka, ba wanda ya biya ka.

Ba kowa ne ya yarda ba. Alhaji Umar mai ɗinki, maƙwabcinka, shi ya laƙaba maka Sarkin Gajimare, in ya hango ka sai ya ɗaga murya, “Ranka ya daɗe, yau me talakawanka na sama suka ce?” A shekara ta biyu kuwa ya samu abin da yake nema. Ka ce a fito da tsofaffi, aka fito da su, hadari ya haɗu daga gabas cikin sa'a guda ya jiƙa kowa. Washegari a sahun la'asar Alhaji Umar bai ko jira a shafa addu'a ba, ya ce, “Dakta, tauraron naka gyangyaɗi ya yi ne, ko kati ya ƙare masa?” Masallaci ya ɗauki dariya. Na zaci za ka kawo uzuri irin na masu ilimi. Sai ka miƙe ka ce, “Jama'a, na yi kuskure, ku yafe mini. Akwai hadarin da ke haɗuwa da sauri har ya riga ni. Zan sake yin kuskure nan gaba, domin haka kada a bar tsoho a waje ba tare da mai ƙarfi kusa da shi ba.” Daga nan ka bi gida gida kana duba waɗanda ruwan ya taɓa. Mahaifiyar Alhaji Umar ɗin kanta kai ka kai ta asibiti a motarka da tari ya kama ta. Ran jana'izarka shi ya riƙe gaban makara, bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Akwai wata magana da muka yi bara, wadda ban faɗa wa kowa ba, kuma ita ce ta fi hana ni sukuni. Na tambaye ka, shin ni ne tsufa ya sa nake jin dare ba ya hucewa kamar da, ko kuwa haka ne? Ka ce ba tsufa ba ne, ma'aunai ma haka suke nunawa. Ka ce duniya tana ɗumama, kuma yayin da take ɗumama wannan gajimare yana ƙara hawa sama, in ya ƙara hawa kuwa riƙon zafinsa yana ƙaruwa. Abin da masana ba su daidaita a kai ba shi ne faɗinsa da kaurinsa. In ya tsuke, zafi zai sami ƙofar fita. In bai tsuke ba, ko kuwa ya tsuke amma ɗan hasken ranar da ya daina tarewa ya fi zafin da ya saki, to abin da ke gaba ya fi wanda muke ciki. Ka ce wannan tambaya ita ka ba shekara ashirin na rayuwarka, kana auna hotunan shekara da shekaru, domin wani siririnsa ido ma ba ya ganinsa, sai tauraro ya harbo haske ya dawo masa sannan a san yana nan. Na ce, “To me ka gano?” Ka ce, “Ba mu sani ba tukuna, Baba Malam. Ina tsoron kada amsar ta zo mana a jikinmu kafin ta zo a takarda.”

Na sha jin masu wa'azi suna tsoratarwa da ƙarfin murya ban girgiza ba. Wannan “ba mu sani ba” taka, a hankali, ita ta girgiza ni. Na tuna abin da muka karantar da ku, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya ga gajimare ya taso fuskarsa takan canza, ya shiga ya fita, saboda an taɓa yin wata al'umma da ta hango gajimare ya nufo kwarinta ta yi murna cewa ruwa ne, alhali halakarta ce a ciki. Na karantar da wannan sau da yawa ina ganin labarin mutanen da ne. Ban ce abin da ke samanmu azaba ce ba, wannan sanin na Allah ne. Amma na gane cewa ni ma na taɓa ɗaga kai na kira abu da sunan da ba nasa ba, aka rufe wa Ladan Ado taga.

Yanzu ga inda muke, Maharazu. Uwargidana, Nana Hauwa, wadda ta sha ba ka fura kana ɗalibi, shekara biyu ke nan ɓarin jikinta ya shanye. Mutum biyu ke ɗaukarta. Ɗakinta na kwano ne, wutar lantarki kuwa ka san halinta a lungunmu. Bazarar bara da ta gabanta da maganarka muka fitar da ita, da maganarka muka shigar da ita. Irinta suna nan a kusan kowane gida. Afrilu ta kusa rabawa, kwanakin da hadari da wancan farin mayafin suke zuwa a cakuɗe sun ƙarato, kuma mai bugo mini waya kafin la'asar ba ya nan.

Makon jiya na je gidanka. Matarka, Malama Murja, tana takaba, ta tsaya bayan labulen ƙofar tsakar gida, ni ina soro. Bayan gaisuwa ta ce, “Baba Malam, ina da tambaya ta addini.” Na ce ina ji. Ta ce shekara biyar ɗin nan kusan kullum tana gefenka in kana dubawa, har ka riƙa gwada ta, ka ce ta fara faɗa kafin ka faɗa. Ita malamar labarin ƙasa ce a makarantar sakandare, ba baƙuwa ba ce ga taswira. Ta ce kwamfutar tana nan, hotunan kuma ba su daina zuwa ba, taurarin ba su san ka mutu ba. Tambayarta, shin ya halatta ga mai takaba ta riƙa aiko da irin wannan saƙo, har a faɗe shi a masallaci?

Na ce mata abin da aka hana mai takaba shi ne ado, da ɗaura aure, da kwana a wani gida ba na mijinta ba. Ba a hana ta amfanar Musulmi daga cikin ɗakinta ba. Ta ce, “Ba wannan ne ainihin abin ba, Baba Malam. Shi in ya yi kuskure Dakta ne, zai miƙe a masallaci ya ba da haƙuri. Ni in na ce a shigar, wani ya mutu a ɗaki fa? In na ce a fitar, iska ta kayar wa wata tsohuwa da katanga fa? Goma nake faɗa in dace da bakwai. Sauran ukun wa zan ba?”

Ni ma tambayar da nake kwana da ita ke nan. Abin da na iya ce mata shi ne, in ta yi shiru ba za a fasa yanke hukunci ba. Kowace magariba sai wani ya tare ni a ƙofar masallaci, ni kuma in ɗaga kai in duba da idon da ya riga ya yi kuskure sau ɗaya. Na ce bakwai ɗinta sun fi nawa. Na ce ta faɗa mini abin da ta gani da iyakar shakkarta, ni zan faɗa wa jama'a da bakina, in an yi kuskure ni zan miƙe. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce, “A gaida Inna Hauwa,” na ji takunta ya koma ciki.

Jiya, bayan azahar, farin lullumin nan ya bayyana ta kudu, na farko a bana. Kafin la'asar ya rufe har saman Dala. Tun ina alwala na san me za a tambaye ni. Na shiga masallaci, an kusa tayar da iƙama, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Lambarka ce, Maharazu. Sunanka ne ya fito. Na ɗauka, sai na ji muryar Malama Murja.

Ta ce, “Baba Malam, na duba. Na sama ne, siriri, kuma ban ga abin da ke haɗuwa ta gabas ba. Ina ganin a fito da su. Amma ban tabbata ba, a sa mai ƙarfi kusa da kowa.”

Bayan sallama na juya na faɗa, kalma da kalma, har da “ban tabbata ba”. Alhaji Umar ya dube ni daga sahun farko, ya tashi ya tafi ɗauko mahaifiyarsa. Muka fito da Nana Hauwa ƙarƙashin darbejiya, aka jiƙa mata zane. Ruwa bai sauka ba. Da safe ta sha kunu, ta tambaye ni ko kai ne ka bugo. Na ce daga gidanka ne.

Kwana ɗaya ke nan. Akwai kamar sittin a gabanmu kafin damina ta zauna, bayansu kuma akwai shekarun da ka ce ba a san yadda za su kasance ba. Tsorona bai tafi ba, na Malama Murja ma bai tafi ba.

Ya Allah, ga bawanKa Maharazu ɗan Yero ya zo gare Ka yana mai azumi, a watan da Kake 'yanta bayi. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka sanyaya shi, kamar yadda ya nema wa raunananmu sanyi. Ka sanya shi a inuwarKa ranar da rana za ta kusanto kawunan halitta. Ka sa abin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka jiƙan Ladan Ado, Ka yafe mini abin da na faɗa ba da sani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Murja da 'ya'yansu, Sa'ida da Isma'il, da 'yan'uwansa na Soron Ɗinki da na ruga, da abokan aikinsa da ɗalibansa. Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, Ya tsaya muku. Ke kuma, Malama Murja, Allah Ya ƙarfafa zuciyarki, Ya daidaita ganinki, Ya sa kuskurenki ya faɗa inda ba zai cutar da kowa ba.

Ya Allah, muna roƙonKa alherin abin da ke samanmu, muna neman tsarinKa daga sharrinsa, wanda muke gani da wanda ba ma gani. Yau ma sama ta yi fari tun hantsi, kuma la'asar ta kusa.

Malam Ɗayyabu Sheshe
14 ga Shawwal, 1446